Inna Ba Ta Cewa “Ya Isa”

Tun da muka dawo daga maƙabarta mutane ke shigowa suna ce mini Inna ta huta. Na yarda ta huta. Abin da suke ƙarawa a bayan wannan ne ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ogana na ma'aikata ya taso daga Maitama, ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar da muka shimfiɗa a ƙofar gidanmu na Kado. Ya yi addu'a mai kyau, aka shafa, sannan ya dafa gwiwata ya ce, “Ka yi haƙuri. Ai irin wannan ciwon, tun tuni ka yi rashin uwa. An ce mini ko kai ba ta ganewa.” Na ce masa na gode. Bayansa masu sayar da kifi suka zo daga kasuwa, waɗanda Inna ta sha cinye wa rai da ciniki lokacin da take da ƙafa. Babbansu ya riƙe hannuna ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, “Mama mutumin kirki ne, oga. Ko ya manta ka, sai ya gaishe ka.” Daga cikin gida kuma ina jin autarmu tana kuka tana gaya wa mata, “Har ni ta manta, ni da take kira tun safe har dare.”

Kowa da irin ta'aziyyarsa, kuma duk a kan mantuwa suke sauka. Ni kuwa in tashi in duba ruwan alwala, in dawo, in sake tashi in gyara rumfar da ba abin da ya same ta. Tambaya ɗaya ke cina: shin Inna ta bar duniya tana sane da cewa ni ɗanta ne? Wani zai ce wannan ai abu ne mai sauƙin sani, ko ta kira sunanka ko ba ta kira ba. To a nan gizo ke saƙar.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce. A tarbiyyar da ta taso da ita, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Kunya ake ce wa abin. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, wadda ɗakinta ke kallon na Inna a gidanmu na Yangoji, inda Baba ya sauko daga arewa neman ƙasar noma ya kafa bukka a tsakiyar Gwarawa. Gida ɗaya muke da uwata, tukunya ɗaya, amma idan tuwo ya sauka sai ta dubi katanga ta ce, “A gaya wa mutanen ɗakin can abinci na hucewa.” Ni ne mutanen ɗakin can. Idan na dawo hutu daga makarantar kwana, ba za ta ce mini sannu da zuwa ba. Sai ta ce wa Goggo, “Baƙonku ya rame.”

Wasu matan a suna kawai suke tsayawa. Inna ta wuce nan. Sunana Isa, saboda haka ta kori kalmar gaba ɗaya daga bakinta, har da 'yan uwanta da ba su ci ba su sha ba. Ba ta cewa “ya isa”, sai “ya wadatar”. Ba ta tambayar matafiyi ko ya isa lafiya, sai ko ya sauka lafiya. Idan faɗa ya kai ta ce wa mutum bai isa ba, sai ta ce bai kai ba, kuma wallahi nata ya fi zafi. Annabin da nake da sunansa ma “ɗan Maryamu” take ce masa. Ƙannena sun mayar da abin wasa. Wata rana mai bi mini ya ɗauki ludayi yana zuba mata miya a kan tuwo, ya ƙi tsayawa, wai sai ta faɗa. Tana kallonsa miya ta cika kwano, ta zubo a tabarma, ta kai ga zaninta. Ba ta ce uffan ba. Sai da ludayin ya koma tukunya ta karɓe shi ta sauke masa a tsakar ka, ta ce, “Wannan ya wadatar da kai?”

Yanzu ina ba da labarin ana dariya, amma ina yaro abin ya yi mini ciwo. Ina ganin ƙannena a cinyarta, tana kiran sunayensu har da na wasa, ni kuma in na shigo ta sami abin kallo a bango. Na taɓa tambayar Goggo ko tsinto ni aka yi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, “Kai dai wawa ne. Wa ke jin kunyar abin da ya tsinta?”

Shekarar da ciwon shawara ya kwantar da ni, Goggo ce ta yi jinya. Amma kullum da safe sai in tarar da kunun tsamiya a bakin ƙofa, da ɗuminsa, an rufe da faifai. Goggo, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa dama kunu ba gudaji ba. Wannan kuwa sumul yake. Da na warke na je na durƙusa na ce wa Inna na gode da kunu. Ta ci gaba da tsince wake, ta ce wa kazar da ke kusa da ita, “Ji mutane da neman magana.”

Sau ɗaya na taɓa roƙonta kai tsaye. Ranar da zan tafi aikin hajji ne, na riga na yi aure, na yi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa. Na ce, “Inna, tafiyar nan ana zuwa ba a dawo ba. Ki kira ni sau ɗaya in ji.” Ta ja mayafi, ta juya wa taga fuska, ta ce, “A gaya wa mai tafiya, wanda ya san hanyar gida ba sai an kira shi ba.” Na fita ina jin haushi, na kuma dawo da tsarabarta ta fi ta kowa.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko ta daga Yangoji na kawo ta Kado. Ba ta so ba. Ta ce garin da ake sayen ganyen rama ba gari ba ne. A makon farko suka yi karo da matata, wadda a Abuja aka haife ta, a Abuja ta girma. Matata ta leƙa ta taga ta ƙwala wa 'yarmu ta fari kira da cikakken sunanta, yarinyar ta zo, ta rungume ta. Inna ta ajiye carbi. “Ɗiyar fari ce ake kira haka kamar mai tallan ruwa?” Matata ta ce, “To Inna, da me zan kira ta? Da lamba?” Inna ta yi kwanaki ba ta taɓa girkin gidan ba, sai gasasshen kifin da take aikawa a sayo mata. Daga baya ta yanke hukunci cewa tunda uwar ba ta da ta ido, ita za ta riƙe yarinyar. Ta mayar da ita ɗakinta, tana kiranta ƙawata. Ita ce ta koya mata karatu kafin barci, tana cewa abin da ka kwana da shi shi ne naka. Yarinyar nan yanzu karatun likita take yi.

Ciwon ya shigo a hankali. Inna ta fara tambaya ko ta yi azahar alhali ba ta naɗe sallaya ba. Ta sa gishiri a miya, ta dawo ta sake sawa. Muka sami takalminta a firji. Amma ka ce mata Yangoji, sai ta jero maka gonakin unguwa daga bakin rafi har dutse, da mai kowace gona, da wanda ya ci iyakar wani. Waƙoƙin daka na ƙuruciyarta ba ta tuntuɓe a ko ɗaya. Abin da ta ci da safe ne ba ta sani ba.

Muka kai ta asibiti, ni da 'yata. Likitar Bayarabiya ce mai fara'a, da Hausarta ta Abuja. Ta tambayi Inna wace rana ce, Inna ta ce ranar Allah. Ta tambaye ta wane gari take, ta ce garin mutane. Sannan likita ta nuna ni da biro ta ce, “Mama, wannan wanene? Menene sunanshi?” Inna ta ja mayafi ta juya wa taga fuska. Likita ta sake tambaya, shiru. Ta yi rubutu, ta dube ni da tausayi ta ce, “Oga, ka yi haƙuri. Ya manta sunan ɗanshi. Abin ya yi nisa.”

Dariya ta kuɓuce mini a ɗakin likita, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Na yi mata bayanin kunya, da miyar da ta zuba a tabarma. Ta ajiye biro ta riƙe haɓa. Ta ce, “To ni yaya zan gane ranar da ya manta da gaske?” Na ce, “Ranar da ta faɗa.” Da wasa na faɗi haka, har ita ma ta yi dariya.

A hanyar dawowa cunkoson motoci ya riƙe mu, Inna ta yi barci a baya, na ce wa 'yata ta fassara mini abin da ke faruwa da kakarta da Hausar da zan gane. Ta ce abin da mutum ya gani ko ya ji yau ba ya zama nasa nan take. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da yake fara sauka, kamar baƙo a zaure. Idan mutum ya yi barci, ƙwaƙwalwa ta riƙa maimaita abin, tana shigar da shi cikin gida a hankali har ya sami wurin zama. Ta ce ba a ajiye tunani a wuri ɗaya kamar hatsi a rumbu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke kama hannun juna, kuma duk lokacin da aka tuna abu, mahaɗarsu ta ƙara ƙarfi. “Baba, ka tuna turbar gonar Kaka? Ba wanda ya share ta. Ƙafa ce ta yi ta.” Abin da ya zo da tsoro ko farin ciki mai yawa, in ji ta, ya fi saurin kamawa. Abin da jiki ya saba da shi kuma, irin tuƙa tuwo ko jan carbi, hanyarsa daban ce, shi ya sa yakan daɗe bayan sauran sun tafi.

Na ce, to ciwon fa? Ta ce zauren yake fara ci, shi ya sa sabon abu ba ya shiga. Daga nan ya bi cikin gida, yawanci daga na kusa zuwa na nesa. Jiya ta tafi kafin bara, bara ta tafi kafin ƙuruciya. Na shiga lissafin inda nake a layin. Na ce a raina, ni ne na fari, ni ne zan zama na ƙarshe a cikin 'ya'yanta. Ban sani ba ko murna zan yi.

Haka kuwa aka yi. Kado ta fara ɓacewa, Inna ta ɗauka a tasha muke, kullum tana ɗaure kaya. Jikoki suka bi, har ƙawar tata. Ta koma kiran auta da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife mu. Ta yi watanni tana tambaya ko Baba ya dawo daga gona, mu ce yana hanya. Sannan ta daina tambayarsa. Ta koma gidan ubanta a arewa, tana damuwa za a yi mata faɗa ba ta kai awaki kiwo ba. Duk wannan lokacin ina da abin da nake riƙewa. In na shiga ɗakinta, tana jan mayafi. Inna takan ce hali zanen dutse, na kuwa jingina da maganar nan da dukan nauyina.

Wata safiya muna karyawa, matata na zuba mata shayi, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce, “Ya isa.” A sarari, ba gargada. Matata ta tsaya da buta a hannu. Auta ta dube ni. Inna kuwa ta ci gaba da tsoma burodinta. Ta koma shekarun da ba ta haifi kowa ba, kalmar ta dawo bakinta kamar kowace kalma.

Bayan 'yan makonni na shiga gaishe ta, mayafi na kafaɗarta, ba ta taɓa shi ba. Ta dube ni ido cikin ido. Na haura hamsin a duniya, ranar na fara ganin ƙwayar idon uwata da kyau, ashe akwai ɗan tabo a na hagu. Ta yi murmushi ta ce, “Bawan Allah, sannu da zuwa. Ya sunanka?” Na faɗa mata. Ta ce, “Isa.” Ta sake cewa, “Isa. Suna mai daɗi. Uwarka na da rai?” Na ce tana nan. Ta ce, “To ka riƙa zuwa kana gaishe ta.”

Na fita na shiga mota na rufe gilashi na yi kuka kamar yaron goye. Abin da nake nema tun ina yaro ke nan, an ba ni har sau biyu, kuma da zan iya mayar da shi da na mayar. Daga ranar na zama baƙon da take so. Tana kiran sunana, tana ba ni labarin awakinta, tana riƙe hannuna. Matata ta ce in gode wa Allah, ga shi na sami abin da ban samu ba. Na gode masa. Amma ni dai uwata nake nema, wadda ke magana da katanga.

Ranar da za ta rasu, da hantsi, na dama mata kunun tsamiya da kaina, da gudajinsa, don hannun Goggo na gada. Auta na gefe tana ninke kaya. Na tallafo kan Inna ina ba ta da cokali. Ta sha kaɗan, ta sha kaɗan, tana kallona. Sai ta ɗaga hannu ta ce, “Ya i…” Ta tsaya. Idonta ya sauka daga fuskata. Hannun nan da ba ya iya riƙe cokali ya lalubi bakin mayafi, ta juya kai wajen bango, ta ce, “Ya wadatar.” Can ƙasa-ƙasa na ji ta ƙara da cewa, “A gaya wa mutane su tafi aiki, rana ta yi.” Ban tafi ba. Kafin la'asar ta cika.

Wannan shi ne abin da nake da shi, kuma shi nake ta juyawa a zaman makokin nan. Na ba ogana labarin, ya gyaɗa kai irin na a rabu lafiya. Na tambayi auta, ta ce ita “ya wadatar” kawai ta ji, ba ta ji farkon ba, ba ta ji zancen aiki ba. Na ja 'yata gefe na ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce akan ga masu irin wannan ciwon hankalinsu ya ɗan dawo dab da ƙarshe, likitoci ma ba su gama gane dalili ba. Ta ce zai kuma iya zama tsohon sabo ne kawai ya motsa a harshe. Sannan ta faɗi wadda ta fi tayar mini da hankali. Wai duk lokacin da mutum ya tuno abu, sake gina shi yake yi, kuma yana iya ƙara masa abin da zuciyarsa ke so ba tare da ya sani ba. “Baba, ba zan ce maka eh ba, ba zan ce maka a'a ba.” Na ji haushinta, na kuma ji daɗin cewa ba ta yi mini ƙarya ba. Tun daga nan nake tsoron sake ba da labarin, kada in goge shi da yawan taɓawa.

Ranar uku motar Yangoji ta iso. A cikinta akwai aminiyar Inna, tsohuwar Bagwariya da gonarsu ke jikin tamu, sun yi shekara da shekaru suna ɗebo ruwa a rafi ɗaya. Ta tsufa tukuf, sai an riƙe ta. Ta ƙi shiga wajen mata sai da ta zauna kusa da ni, ta ce in gaya mata yadda ƙawarta ta tafi. Na gaya mata, da shakkar auta, da bayanin 'yata. Ta saurara tana tauna goro da dasashi. Ba ta kula da zancen kalma ba. Ta sa aka kira auta ta ce, “Ke, bar abin da kunne ya ji. Mamanki ya juya fuska ko bai juya ba?” Auta ta ce, “Ta juya. Ni ce ma na zo na gyara mata kai daga jikin bango, na cire mata mayafi daga fuska don ta sha iska.”

Tsohuwa ta buga cinyata da tafin hannu. “To me kake tambaya? Mamanka ba ya jin kunyar baƙo. Baƙo yana kallonshi, yana ba shi labari. Tun da babanka ya mutu, mutum ɗaya ya rage a duniya da yake juya wa fuska.”

Sai na ji ƙafafuna sun yarda da tabarma, karon farko tun da muka dawo daga maƙabarta.

Allah ya ji ƙan Inna, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Ya Ubangijin da ba ya mantuwa, ka karɓi baiwarka da ta manta sunan garinta amma ba ta daina jan carbi ba. Ka haɗa ta da Baba da Goggo a inda ba ciwo, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Bayan an shafa addu'a, matata ta aiko da shayi waje. Ƙanena, mai ludayin nan, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya ɗauki buta yana zuba mini. Kofi ya kusa cika, na ɗaga hannu na buɗe baki. Shi da kansa ya tsaya yana kallona.

Na ce, “Ya wadatar.”